Tebur a Kan Gangare

Gidanmu a Valparaíso rataye yake a jikin tudu
kamar sheƙar da tsuntsu ya liƙa da yawu.
Ajiye lemo a bakin ƙofa,
ka tsince shi a gindin taga yana kallon teku.
A nan nake yi wa masunta lissafi,
shekara goma sha ɗaya,
baya a lanƙwashe kamar ƙugiyar da suke jefawa.

Jiki magayi.
Ƙeya ce ta fara tsegumi,
kafaɗar dama ta kama mata,
wata safiya kuma yatsu biyu
suka ƙi gaisawa da hannun kofi.

Ximena mai gashin ƙashi, can ƙasan tudu,
ta danna wani wuri, sai da na kira sunan kakata.
Ta ce, "Eulalia, lafiyarki ƙalau,
teburinki ne ke kwance."
Ta juya bayan rasit ta rubuta:
ido daidai da goshin allo,
gwiwar hannu maƙwabciyar haƙarƙari,
tafin ƙafa ya san ƙasa,
duk rabin sa'a ki miƙe, ko lissafi na ci da wuta.

Teburin na mahaifina ne.
Dogon mutum, sai ya sunkuya yake shiga ɗaki,
ni kuwa tsawon uwata na gada.
Shekara goma sha ɗaya ina ɗage kafaɗa
don in kai inda hannunsa ya tsaya.

Ran Asabar Evaristo kafinta ya hawo,
matakala ɗari da tara, yana haki yana zagin tudu.
Ya ɗora ma'aunin ruwa, ɗigon ya gudu gefe.
Ya ce ƙafafun gangare yatsa uku,
na wajen tudu yatsa huɗu.
Da zarto ya kama, na juya baya.
Garin katako ya zubo
da ƙamshin da na manta na sani.

Sai durowa.
Biro goma sha tara, uku ke da rai.
Makullan ƙofofin da gobara ta riga mu buɗewa.
Rasit ɗin mutanen da teku ya riƙe bai ba da canji ba.
Na yi tuli uku: na kullum, na wata-wata, na shara.
Wani hoto ya ƙi shiga ko ɗaya,
na jingina shi da bango.

Allon kwamfuta ya yi ƙasa,
na tura masa kundi biyu na tsohon bashi.
Kuɗin da ba za a taɓa biya ba
yau su ne suka ɗaga mini kai.

Sabuwar kujera mai taya ta zo da girman kai.
Ina zama ta ɗauke ni sai taga,
sau uku muna wannan tafiya.
Na kifar da ita na zare tayoyin,
yanzu ta san gidan da ta shigo.
Matakin ƙafa akwatin kifi ne, wanki uku,
har yau kyanwa ba ta yarda da shi ba.

Wayoyin da suka sarƙe a ƙasa kamar koma
na ɗaure su da zaren kamun kifi.
Fitila ta koma hagu,
kada inuwar hannuna ta riƙa cinye lamba.
Taga a gefe, ba a gaba ba,
don rana a nan ba ta iya sallama.

Daren Talata ƙasa ta ɗan motsa, yadda ta saba.
Kwanuka suka yi surutu a kicin.
Na leƙo: biro uku a gwangwaninsu,
hoto a tsaye, kundi bai gusa ba.

Yanzu agogo kan yi ƙara, in miƙe,
in bar jimla a buɗe kamar baki.
Kwalekwale bakwai sun dawo, na Segundo bai iso ba.
Na waiga hagu ina neman sa,
na waiga har bayan duwatsu,
can na hango shi, ja, yana tafe a hankali.
Sai da na zauna na tuna
wuyan nan bara ba ya kai wa can.